Shin Ko Kun San? Ƙarfen da Dashen Itace Ke Nema Yana Ƙarƙashinsa

Shin ko kun san jan nan da kuke gani a gonakin Ɗandume da Mahuta da Ɗantankari tsatsar ƙarfe ce? Jangargari, marmara, tsakuwar burjin da ake shimfiɗa wa hanya, duk ƙarfe ne ya rina su. Cikin sinadaran da suka haɗu suka yi doron duniyar nan, ƙarfe ne na huɗu a yawa, kusan kashi 5 cikin 100. Duk da haka sai ka tarar da dashen lemo cikin baƙar leda, an cika masa wannan jar ƙasa, yana fama da rashin ƙarfe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Saiwa ba ta cin tsatsa. Sai ƙarfen ya narke cikin danshin ƙasa take iya zuƙarsa, shi kuwa ƙarfen ƙasa ba ya narkewa da arha.

Shin ko kun san daga saman dashe ake gane wannan yunwa? Tsuguna gaban ledar ka dubi sabon tofo. Ganyen ya koɗe ya yi ruwan ɗorawa, amma jijiyoyinsa, manya da ƙanana, suna nan kore shar. Tsofaffin ganyen da ke ƙasa kuwa lafiyarsu lau. In abin ya tsananta sai tofon ya fito fari fat, gefen ganye ya ƙone, kan reshe ya bushe. Dalili shi ne ƙarfe in ya shiga ganye ya zauna ke nan, itace ba ya iya kwaso shi ya kai wa sabo. Naitirojin, wanda yuriya ke bayarwa, ba haka yake ba: itace na ɗebe shi daga tsohon ganye ya kai sama, shi ya sa yunwarsa daga ƙasa take farawa, ganye ya yi rawaya gaba ɗayansa har da jijiya. Yawancinmu da mun ga ganye ya koɗe sai mu ce a ba shi yuriya. Dashen da ƙarfe yake nema, ko ka zazzage masa kwano guda ba abin da za ka ƙara masa sai ƙuna a saiwa.

Ko kun san babu ƙarfe ko kaɗan a cikin koren ganye kansa? Magnisiyam ne a tsakiyarsa. Amma ganye ba ya iya haɗa koren sai da ƙarfe.

Tun cikin shekarun 1840 wani Bafaranshe, Eusèbe Gris, ya gane haka. Ya jiƙa gishirin ƙarfe ya shafa wa ganyen da ya koɗe, inda ya shafa ya dawo kore. Har gobe gwajin na aiki. A sami gishirin ƙarfen nan mai kore-kore da ake sayarwa a shagunan kayan gona, a jiƙa ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa, a shafa wa rabin ganye da yamma, a bar rabin. In ƙarfe ne matsalar, kafin mako biyu gefen da aka shafa zai fara nuna kore.

Shin ko kun san ƙasa ma tana da tsami da kanwa? Duk mai shiga madafa ta san bambancin kunun tsamiya da kunun kanwa. Masana na auna wannan da ma'auni daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya. Ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren kanwa. Abin mamakin yana nan: duk mataki ɗaya da ƙasa ta hau zuwa ɓangaren kanwa, narkewar ƙarfe na raguwa kusan sau 1,000. Ba ninki biyu ba, ba goma ba. Gonakin yankin Funtuwa da Malumfashi, alhamdu lillahi, yawancinsu ɗan tsami-tsami gare su, kuma shekarun da aka yi ana zuba yuriya ƙara musu tsami suke yi. Saboda haka yunwar ƙarfe ba ciwon gonar masara ba ce a wurinmu. Ciwon ledar reno ne da bayan gida. Can ne ake juye tokar murhu kullum a gindin gwaiba. Can ne ruwan wanki mai sabulu ke gangarawa. Can ne ake haƙa ramin dashe a kan ɓaraguzan siminti da farar ƙasa da magina suka binne. Mai shakkar ƙarfin toka ya tace ruwanta ya ɗiga cikin kofin jan zoɓo, ya ga yadda jan zai dushe ya koma duhu mai kore-kore. Toka taki ce, ba wanda ya musa, a faɗin gona tana da amfani. A cikin ledar da ƙasarta ba ta fi cikin kwano ba, tafin hannu guda ya isa ya kulle ƙarfen.

Ruwa ma haka. In butar shayinku na yin farin ɓawo a ciki, ko saman ƙasar leda na yin fari-fari bayan ta bushe, ruwan rijiyar ko burtsatsen na ɗauke da sinadarin farar ƙasa. Kowace safiya ta rani ana ƙara wa ledar kaɗan, ruwan ya ƙafe, shi ya zauna.

Ko kun san yawan ban ruwa kansa na jawo wannan koɗewa? Saiwa numfashi take yi. Ledar da ba a huda gindinta sosai ba, ko wadda aka cika da laka zalla, tana shaƙe saiwa, iskar da saiwar ke fitarwa ta taru a ruwa ta zama sinadarin da ke hana ɗaukar ƙarfe. A fadama kuwa lamarin juyewa yake yi. Ƙasar da ruwa ya daɗe kwance a kanta, ƙarfenta na narkewa fiye da kima har ya zama guba, ganyen shinkafa ya yi ja-ja. Wannan na cikin manyan matsalolin shinkafar fadama a Afirka ta Yamma.

To, wa ke buɗe wa itace ƙarfen da ke kulle? A nan ne maganar bakteriya ta shigo. Mun saba jin sunanta a asibiti, har muka ɗauka duk ƙwayar da ido ba ya gani ƙwayar cuta ce. Shin ko kun san giram ɗaya na ƙasa mai kyau, wanda bai cika ƙaramin cokali ba, na iya ɗaukar ƙwayoyin bakteriya har biliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ba sa cutar da kowa? Inda suka fi cinkoso shi ne ɗan siririn wurin da ke manne da saiwa, wanda wani masanin Jamus, Lorenz Hiltner, ya ja hankali gare shi a 1904. Ba banza suke taruwa ba. Itace na zubo musu sukari da wasu sinadarai ta saiwa, wani lokaci har kashi ɗaya cikin biyar na abincin da ganye ya haɗa da hasken rana. Ciyar da su yake yi, su kuma suna masa aiki.

Su ma ƙarfen suke nema don rayuwarsu. Idan ya yi musu wuya sai su saki wani sinadari da ake kira sidarofo, ya ratsa ƙasa, ya kama ƙwayar ƙarfe ya ɓamɓaro ta daga tsatsa, ya riƙe ta a narke. Riƙon da wasu ire-irensa ke yi wa ƙarfe na cikin mafi ƙarfi da aka taɓa aunawa a halitta. J. B. Neilands ne a Amurka ya tace ɗaya daga cikin na farko a 1952, daga jikin wata fumfuna. Yau an san fiye da iri 500. Ƙarfen da aka narkar a bakin saiwa, saiwa na samun rabonta. Wasu ƙwayoyin kuma sinadarai masu tsami suke fitarwa, su sassauta ɗan wurin da suke zaune.

Ko kun san akwai wadda sidarofonta ke walƙiya? Pseudomonas fluorescens ke nan. In aka rene ta a faranti babu ƙarfe, sai ta rina shi ruwan ɗorawa mai kore, yana ƙyalli ƙarƙashin irin fitilar nan da ake haska kuɗi don gane na jabu. A 1980 Joseph Kloepper da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna wani amfaninta na biyu: tana kwashe ƙarfen bakin saiwa kafin ƙwayoyin cuta su samu, yunwa ta hana su yaɗuwa. Ke nan tana taimaka wa shuka ta fuska biyu.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta masanan Jami'ar Giessen a Jamus, a shekarar 2000. Sun raba ƙasa iri ɗaya gida biyu, suka kashe duk wani mai rai a cikin rabi, suka shuka masara da furen bi-rana a duka biyun. Ƙarfen ƙasar bai ragu da ƙwaya ɗaya ba, amma shukar da ke cikin matacciyar ƙasa ta tsumbure, ƙarfen da ta ɗauka ya yi kaɗan. Masu renon lemo a Amurka sun riga sun ɗanɗana irin wannan. Sun yi wa ƙasar reno turaren guba don kashe cuta, sai dashen ya ƙi girma. A 1972 bincike ya nuna sun kashe har da wata fumfunar saiwa mai amfani, maikoraiza, wadda lemo ke dogaro da ita sosai saboda saiwarsa ba ta da yalwar gashi. Ita fumfuna ce ba bakteriya ba, kuma ta fi taimakawa wajen fosfaras da zinki, amma darasin ɗaya ne. Masu gasa ƙasar reno a kan wuta don maganin tsutsar saiwa da ruɓewar tsiro suna da hujjarsu. Sai dai su sani ƙasar da ta fito daga wuta fanko ce, tana bukatar a gauraya mata ruɓaɓɓen taki mai tsafta don rai ya dawo mata.

An gwada wannan a kan itatuwan marmari kuwa? An gwada. A Jami'ar Selçuk da ke Konya a Turkiyya, inda ƙasa ke cike da farar ƙasa, an tsoma saiwar dashen tuffa da danginsa cikin ruwan bakteriya, ciki har da ire-iren Bacillus, aka ga ƙarfen ganye ya ƙaru, saiwa kuma ta ƙara kuzari wajen narkar da shi. A 2015 an buga sakamakon irin wannan gwaji a kan rogo da wata Bacillus mai lamba GB03, ita ma ta ƙara masa ƙarfe a ganye. Sai dai gaskiya ɗaya ce: abin da ya yi kyau a tukunyar gwaji ba kullum yake maimaita kansa a gona ba. Baƙuwar ƙwaya na zuwa ta tarar da 'yan gida biliyoyi, ga zafin Afirilu, ga fari. Sau da yawa ba ta kai labari. Ni dai a ganina, kafin mai lambu ya nemi ta kwalba, ya fara kula da wadda Allah ya riga ya ajiye masa a ƙasarsa.

Shin ko kun san masara da mangwaro ba hanya ɗaya suke bi wajen samun ƙarfe ba? Masanan Jamus biyu, Römheld da Marschner, suka fayyace wannan a 1986. Mangwaro, lemo, gwaiba, gyaɗa, tumatir, duk tsami suke fitarwa a bakin saiwa su narkar da ƙarfe, dabarar da toka da farar ƙasa ke lalatawa nan take. Dangin ciyawa kuwa, wato masara, dawa, gero, alkama, suna sakin nasu sinadarin kamun ƙarfe, wanda Sei-ichi Takagi na Japan ya gano cikin shekarun 1970, kuma shi kanwar ƙasa ba ta cika dame shi ba. Yanzu ku ji inda zancen ya zo gida. A arewacin ƙasar Sin, gyaɗar da aka shuka ita kaɗai a ƙasa mai farar ƙasa koɗewa take yi. Da aka haɗa ta da masara har saiwoyinsu suka sarƙe, sai ta yi kore. Masanan Jami'ar Aikin Gona ta Sin, Zuo Yuanmei da Zhang Fusuo, sun shafe shekaru a kan wannan, daga baya kuma aka gano ƙwayoyin Pseudomonas na bakin saiwar masara na ƙetarawa zuwa na gyaɗa su taimaka mata. Iyayenmu da ke surka gyaɗa ko wake cikin dawa da gero ba su taɓa jin sunan Pseudomonas ba, amma tsarin da suka bar mana ke nan. A gonakin inabi da na marmari a Italiya ma an nuna barin wata ciyawa a tsakanin layuka na rage koɗewar ganye. Kada dai a ce na ce a bar ciyawa ta shaƙe ƙaramin dashe. Da rani ruwansa za ta shanye.

In kuna son ganin aikin bakteriya da idonku, ku tumɓuke waken suya mai fure a watan Agusta. Ga 'yan ƙulle-ƙulle nan manne da saiwa. Fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja ne ko ruwan hoda, yana aiki, bakteriyar raizobiya na ciki tana kamo naitirojin daga iska. Jan nan kuwa wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jininmu ja, shi ma ƙarfe ne a tsakiyarsa. Tun 1896 aka fara sayar da irin wannan bakteriya a Jamus da sunan Nitragin. A Najeriya cibiyar IITA ta Ibadan na yin NoduMax, wanda ake cuɗanya irin waken suya da shi kafin shuka, shirin N2Africa kuma ya yaɗa wannan dabara a jihohi irin su Kano da Kaduna. Abu biyu a riƙe. Na waken suya ne, ba ya yi wa mangwaro ko lemo komai. Kuma mai rai ne: fakitin da ya wuni a rana a kan tebur, ko ya kwana biyu a bayan mota, gari ne kawai ya rage. Duk mai tallar kwalbar da ya ce tana maganin kowace shuka, a dubi lambar NAFDAC, a dubi ranar ƙarewar aiki, a tambaye shi inda ya ajiye ta.

Ko kun san ƙamshin nan da ke tashi in ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa aikin bakteriya ne? Dangin Streptomyces ke fitar da shi. Daga ɗaya a cikinsu aka samo maganin tarin fuka na farko mai aiki a 1943. Daga wata 'yar uwarta kuma, Streptomyces pilosus, aka samo Desferal a Suwizalan cikin shekarun 1960, maganin da ke kwashe ƙarfen da ya taru a jikin waɗanda ake yawan yi wa ƙarin jini. Sidarofo ne shi ma, irin wanda ke tono ƙarfe a gindin itace. A Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila, wannan ba labarin nesa ba ne.

Me waɗannan ƙwayoyi ke ci in ba ta saiwa ba? Ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi. Nan ne raunin ƙasarmu yake. Tun da aka kawo Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe, takin zamani da ingantacciyar masara suka sauya fuskar yankin, har kasuwar Ɗandume ta zama inda manyan motoci ke lodin hatsi zuwa sassan ƙasar nan. Alheri ne babba. Amma kamfa da yuriya shuka suke ciyarwa, ba sa ciyar da ƙasa. Kara kuma kwashe shi muke yi don danga da dabbobi da girki, sauran a banka masa wuta. Ƙasar savanna dama ba ta da yalwar ruɓaɓɓen abu, zafi na cinye shi da wuri. Shi ya sa haɗin ƙasar leda ya cancanci a tsaya a kansa. Masu reno da yawa na haɗa kashi biyu na ƙasar sama, ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ɗaya na yashi. Ƙasar sama, ba ta cikin rami ba, domin a tafin hannun farko rai ya fi yawa. Taki kuma wanda ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Takin juji a tankaɗe shi, a kula da yawan tokar da ke ciki.

Takin supa in ya yi yawa a leda shi ma ɗaure ƙarfe da zinki yake yi.

Ƙusar da wasu ke bugawa a jikin itace fa? Rauni ne kawai da ƙofar cuta. Tsohon ƙarfen da ake binnewa a gindi tsatsa zai zama, tsatsa kuwa ita ce ta cika ƙasar tun farko. Feshin gishirin ƙarfe na gyara ganyen da ya taɓa, tofo na gaba ya sake fitowa a koɗe. Wanda ke jure ƙasa mai kanwa shi ne jan garin nan mai lakabin EDDHA da ake zubawa a gindi, sai dai da tsada, kuma in ba a daina zuba toka ba an yi aikin banza.

Shin ko kun san a itace mai aure, gindin ne ke neman ƙarfe, ba saman ba? Lemon zaƙi iri ɗaya zai yi kore a kan wani gindi ya koɗe a kan wani. Gindin Cleopatra da na lemon tsami mai kaushin ɓawo, waɗanda ake amfani da su a Najeriya, sun fi jure farar ƙasa a kan na lemo mai ganye uku-uku. Mai sayen dashe a bakin hanya yakan tambayi sunan saman kawai: in mangwaro ne, Binta Siga ce ko Paparanda? Ya ƙara da cewa, "Baba, a kan wane gindi aka yi auren?" Sannan ya ɗaga ledar ya leƙa ƙasanta. Saiwa mai farin kai lafiya ce. Mai ruwan ƙasa da ke saɓule fata tana wari, ruwa ya kashe ta.

Ko kun san gwaiba ta ninka lemon zaƙi kusan sau huɗu a bitamin C, shi kuwa yana taimaka wa hanji ya ɗauki ƙarfen da ke cikin tuwo da wake? Shayi a kan abinci rage ɗaukarsa yake yi. Mai ciki da yaro mai ƙarancin jini sun fi kowa bukatar jin wannan.

Ba duk koɗewar tofo ce ƙarfe ba. Rashin zinki, wanda aka sani a ƙasar savanna, na sa ganyen lemo ya fito ƙanana sirara a cunkushe. Akwai kuma cutar lemo da wata bakteriyar ke kawowa, wadda dabbare-dabbaren rawayanta ba sa daidaita tsakanin gefen ganye biyu. In gwajin rabin ganye bai nuna komai ba, a nemi malamin gona na hukumar noma ta KTARDA. Cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, wadda ke nan tun 1922, na da ɗakin gwajin ƙasa, ga Zariya kusa da mu. NIHORT mai kula da binciken kayan lambu da na marmari kuma na da reshe a Bagauda ta jihar Kano. A ɗebi ƙasar daga leda huɗu ko biyar, a gauraya, a shanya a inuwa, a tafi da ita tare da reshe mai sabo da tsohon ganye, da gorar ruwan da ake ban ruwa da shi.